An yi wa mahaifiyata gashin cutar kansa, yanzu an ce a yi mata maganin haske: fatarta za ta jure?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 56. An cire mata nonon hagu saboda kansa, aka yi mata kimo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, sannan aka yi mata gashi sau 25. Wata 14 ke nan da gama gashin. Fatar wurin ta yi duhu, ta yi tauri. Yanzu wasu ƙananan ƙuraje masu tauri sun fito a gefen ɗinkin, an yanki ɗaya an auna, aka ce cutar ce ta dawo a fata. Muna Indiya yanzu, likitan nan ya kawo shawarar wani magani da ake kira PDT, wai za a yi mata allura, bayan kwana biyu a haska wurin da jan haske. Tsorona shi ne fatar da ta riga ta sha gashi. In aka ƙara mata wannan, lafiyayyar fatar da ke kewaye ba za ta lalace ba? Tana da ciwon suga kuma."

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Tsoronki yana kan hanya, kuma tambayar tana da kai biyu. Na farko, fatar ƙirjin da aka gasa, shin za ta iya ɗaukar wani magani mai kashe nama ta warke? Na biyu, wanda ba ki ambata ba amma shi ya fi jefa iyalai cikin wahala, me zai sami fatar sauran jikinta, fuska da hannu da ƙafa, bayan allurar? Amsata a taƙaice: ana yin maganin haske, wato PDT ɗin da kika ambata, a wurin da aka taɓa gasawa, dama irin wannan yanayi na cikin dalilan da suka sa ake nemansa. Sai dai warkewar ciwon za ta yi nawa fiye da ta fatar da ba a taɓa gasawa ba, kuma sakamakon ya rataya a kan yawan maganin, yadda aka rufe lafiyayyar fata lokacin haskawa, da yadda za ku tsare ta daga rana.

Abin da gashi ya bari a fatar

Gashi sau 25 yawanci yana nufin Gy 50, wato Gy 2 a kowane zama. Gy ɗin nan shi ne ma'aunin gashi, za ki gan shi a rubuce a katinta. Injin gashi na zamani yana ɗan tsallake fata, domin ƙarfinsa ba ya kai maƙura sai ya shiga kamar santimita 1.5 cikin jiki. Amma bayan cire nono, fatar ƙirji ita kanta ana son ta sami gashin, tun da cutar na iya ɓuya a cikinta. Shi ya sa sau da yawa ake shimfiɗa wani faifai mai laushi kamar roba, kaurinsa rabin santimita ko santimita 1, wanda ake kira bolus, don ya jawo ƙarfin gashin zuwa saman fata. In an yi wa Hajiya amfani da shi, fatarta ta sha kusan cikakken gashin. Ku tambaya, ku kai wa likitan nan amsar.

Gashi yana aiki ne ta hanyar karya DNA, wato sinadarin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, sai ƙwayar halitta ta mutu lokacin da ta zo rabuwa. A ƙasan fata akwai wani layi na ƙwayoyi masu haihuwar sabuwar fata, kuma fata tana ɗaukar kamar mako huɗu kafin ta sabunta kanta. Wannan ne ya sa ba a ganin komai a makon farko. Daga mako na biyu zuwa na uku wurin ke soma ja, ko duhu ga mai baƙar fata, da ƙaiƙayi. Daga nan sai bushewa da saɓa, wani lokaci a hammata ko matsewar fata ta saluɓe ta dinga ruwa. Abin yakan fi tsanani mako ɗaya ko biyu bayan an gama, sannan ya lafa cikin wata guda. Hajiya ta wuce wannan mataki tuntuni.

Abin da kike gani yanzu, duhun da taurin, shi ne illar da ke zuwa daga baya, kuma ita ce ta shafi tambayarki. Cikin watanni da shekaru, bangon ƙananan hanyoyin jini yana kauri, wasu su toshe gaba ɗaya. Ƙwayoyin da ke saƙa naman fata suna raguwa, waɗanda suka rage kuma su dinga zuba tabo fiye da ƙima. Zufa da maiƙon fata su ragu. Sai a sami fata mai ƙarancin jini, mai ƙarancin oksijin, mai ƙarancin ƙwayoyin gyara. A ido lafiya ƙalau take, ba ciwo ba gyambo, amma kamar gonar da ta gaji ce: in an shuka za ta fitar, sai dai a hankali. Wannan illa ba ta gushewa gaba ɗaya, kuma tana taruwa. Shi ya sa likitocin gashi ke taka-tsantsan wajen maimaita gashi a wuri ɗaya.

Yadda maganin haske ke aiki

Abu uku ne dole su haɗu: magani mai jin haske, haske mai launin da maganin ke sha, da oksijin a cikin naman. In babu ɗaya, babu abin da zai faru. Maganin ya sha haske, ya miƙa ƙarfin ga oksijin, sai oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama wani nau'i mai ƙona duk abin da ke kusa da shi. Wannan nau'in ba ya rayuwa ko na ƙiftawar ido, kuma ba ya yin nisa daga inda aka haife shi. Don haka ɓarnar tana tsayawa ne inda magani da haske suka haɗu.

Daga bayaninki, allura sannan haske bayan kwana biyu, ya yi kama da porfimer sodium, wanda ake sayarwa da sunan Photofrin. Shi ne tsohon cikinsu, ya samo asali daga aikin Thomas Dougherty a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka cikin shekarun 1970, aka fara amincewa da shi a Kanada a 1993. Ma'auninsa na asali miligiram 2 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, a haska da jan hasken leza na nanomita 630 bayan awa 40 zuwa 50. Akwai wani, temoporfin ko Foscan, da Turai ta amince da shi a 2001 don kansar kai da wuya: miligiram 0.15 ga kilo, haske bayan awa 96. Akwai kuma na shafawa, ALA da MAL, waɗanda ake amfani da su ga cututtukan saman fata, irin ɓawon da rana ke haifar wa zabiya kafin ya zama kansa. Na shafawa ba sa shiga fiye da milimita 2 ko 3, don haka ba su dace da ƙurajen kansar nono ba. Ki nemi a rubuta miki ainihin sunan maganin, domin dokokin kauce wa rana sun bambanta ƙwarai daga wannan zuwa wancan.

Bambancinsa da gashi babba ne. Maganin haske ba ya zama a kan DNA, yana manne ne a fatar ƙwayar halitta da sassan da ke samar mata da ƙarfi. Ba ya narkar da kolajin, wato zaren da ke riƙe da fata, muddin ba a bar hasken ya yi zafi ba. Shi ya sa ake riƙe ƙarfin fitilar ƙasa da kimanin miliwat 150 a kowane murabba'in santimita. Tun da zaren yana nan, sabuwar fata tana da abin da za ta hau. Ba shi kuma da wani adadi na tsawon rai da in an cika shi an rufe ƙofa, ana iya maimaitawa. Gasawar da aka yi a baya ba ta sa kansar ta ƙi jin haske.

Inda biyun ke haɗuwa

Da a ce nan maganar ta tsaya, da sai in ce ki kwantar da hankali kawai. Amma akwai wuri ɗaya da gashi da haske ke bugu tare, shi ne ƙananan hanyoyin jini. Maganin allura irin Photofrin yana kashe ƙari ta hanya biyu, ya kashe ƙwayoyin kai tsaye, ya kuma toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Wannan toshewar ba ta tambayar ko hanyar jinin ta ƙari ce ko ta lafiyayyar fata. Fatar da ba a taɓa gasawa ba tana da hanyoyi da yawa, in an toshe wasu, na gefe su ɗauki nauyi. Fatar Hajiya ba ta da wannan rarar. In aka ba ta cikakken ma'auni, aka haska fili mai faɗi, fatar tsakanin ƙurajen na iya mutuwa tare da su, a sami babban gyambo mai ɗaukar watanni, wani lokaci sai an yi dashen fata.

An ga haka a farkon amfani da maganin a ƙirjin mata. Daga baya likitoci a Amurka suka rage Photofrin zuwa miligiram 0.8 ga kilo ga matan da aka riga aka yi wa gashi, suka bar hasken da yawa. Hikimar ita ce, haske yana cinye maganin yayin da yake aiki. Lafiyayyar fata ta ɗauki kaɗan, sai nata ya ƙare kafin ya yi mata mummunar ɓarna, shi kuwa ƙari da ya tara da yawa, nasa yana nan yana aiki. Sakamakon ya fi kyau ga fata nesa ba kusa ba. Sai dai waɗannan rahotanni na mata ƙalilan ne, ba manyan gwaje-gwajen da aka kwatanta ɗaruruwan marasa lafiya ba, don haka ba wanda zai iya ba ki tabbacin kashi kaza cikin ɗari. A nawa ra'ayin, likitan da zai ba mace mai gasasshen ƙirji da ciwon suga cikakken miligiram 2, ya kamata ya iya yi muku bayanin dalili.

Tazara ma tana da muhimmanci. Takardar Photofrin ta ce in an fara da gashi, a jira kumburinsa ya lafa, wanda yakan ɗauki har mako 4, in kuma an fara da haske, a bar mako 2 zuwa 4 kafin gashi. Dalili biyu ne. Fatar da ke cikin kumburi tana ɗaukar magani fiye da ƙima, sai bambancin da ke tsakaninta da ƙari ya ɓace. Sannan dukkansu oksijin suke buƙata: ƙwayar da ba ta da oksijin tana buƙatar gashi kusan ninki uku kafin ta mutu, maganin haske kuwa yana shanye oksijin ya toshe hanyarsa. Wata 14 ya wadatar ta wannan fuska. Wanda yake tsakiyar gashi, fata na ruwa, shi ne bai kamata a haska ba.

A ɗakin haskawa, ƙananan abubuwa ne ke raba aikin kirki da na ganganci. Ana zana iyakar kowane ƙurji da ɗan gefe kaɗan, a rufe sauran ƙirji da wuya da hannu da baƙin ƙyalle mai kauri. Koren ƙyallen tiyata shi kaɗai ba ya isa, haske na ratsa shi. In ana haska wurare da yawa, kada da'irar haske ta hau kan wata, domin inda suka haɗu ya sha ninki biyu, kuma yawanci nan ne gyambo ke fara buɗewa. Ƙirji ba shimfiɗaɗɗe ba ne, don haka ana juya fitilar ta fuskanci kowane wuri kai tsaye. Hammata wuri ne mai haɗari, fata siririya ce kuma haske na dawowa daga ɓangare zuwa ɓangare. In ƙurajen sun bazu, gara a raba aikin, ko a fara da ƙaramin wuri a ga yadda fatar ta amsa. Baƙar fata kuma tana shanye wani kaso na jan haske kafin ya isa ƙasa, don haka zurfin da ake samu yana raguwa, kuma wurin yakan yi duhu ko fari-fari bayan warkewa na tsawon watanni.

Rana

Nan nake so ki fi mai da hankali, domin wannan ɓangaren a hannunku yake. Gashi yana taɓa inda aka auna ne kawai. Allurar nan kuwa tana zaga jiki duka, ta zauna a fatar fuska da bayan hannu da ido. Photofrin yana fita a hankali, rabinsa kawai ke barin jiki cikin kimanin kwana 17. Don haka aƙalla kwana 30 ba rana, wasu har kwana 90, musamman mai matsalar hanta. Na Foscan kimanin kwana 15 ne, amma ya fi zafi a kwanakin farko. Minti kaɗan a rana na iya kumbura fuska har ido ya rufe, fata ta yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da man kariyar rana. Waɗannan mayuka an yi su ne don tare hasken da ido ba ya gani, shi kuwa wannan magani hasken da ido ke gani ne ke tayar da shi. Gilashin taga da na mota ba sa tarewa. Hadari da hazon hunturu ba sa tarewa. Farin mayafi shara-shara ba ya tarewa. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗaga ƙyallen ki duba fitila ta cikinsa, in kin ga haske, ba zai yi ba. Ana buƙatar hijabi mai duhu mai kauri, safar hannu da ta ƙafa, abin rufe fuska, da baƙin tabarau mai duhu sosai. Tun ranar allurar za ku je asibiti da su. Zaman tsakar gida, shanya, raka baƙi bakin ƙofa, duk a dakata. Fitilar likitan haƙori da ta ɗakin tiyata suna ƙona ta. Har ɗan makamin nan mai jan haske da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin yana iya ƙona yatsar in aka bar shi ya daɗe a wuri ɗaya, ku dinga tuna wa ma'aikatan jinya su sauya yatsa.

Amma kada a kulle ta a ɗaki mai duhu. Hasken ɗaki na yau da kullum, da labule a sake, yana cinye maganin da ke fata sannu a hankali ba tare da ƙuna ba, duhu kuwa tsawaita zaman yake yi.

Bayan kwana 30 ana gwaji. A huda rami kamar faɗin kwabo a jakar takarda mai kauri, ta sa hannu ciki, a bar ramin a bayan hannu cikin rana minti 10. A jira awa 24. In wurin ya kumbura, ko ya yi zafi, ko ya yi bororo, a ƙara mako 2 a sake. Ga mai baƙar fata kada a jira ganin ja, a taɓa a ji ɗumi da kumburi, a tambaye ta ko yana zugi. Ba a gwaji a fuska. Kuma in an yi gwajin a can ya wuce, a sake shi bayan kun dawo gida, domin takardar maganin ta ce a maimaita in an koma inda rana ta fi ƙarfi. In tafiyar ta faɗo cikin kwanakin tsaro, ku nemi jirgin dare, ku guji kujerar taga. In akwai niyyar Umara, a ɗaga ta har sai gwajin ya fita lafiya.

Ku kai wa likita duk magungunan da take sha. Doxycycline, ciprofloxacin, Septrin, griseofulvin, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da wasu magungunan suga irin su glibenclamide, duk suna ƙara wa fata jin haske. In ta taɓa shafa man bilicin, a faɗa ba kunya, domin da yawansu suna da sitiroyid mai sirantar da fata.

Ciwon da zai biyo baya

Cikin awanni wurin zai kumbura ya yi zugi, kwana biyu ko uku na farko sun fi zafi, ku tabbata an rubuta mata maganin ciwo mai ƙarfi tun kafin a sallame ta. Ƙurajen za su yi baƙi, su yi ɓawo cikin mako guda. Wannan alama ce ta aiki, ba lalacewa ba. Ɓawon shi ne murfin ciwon, ba a ɓantare shi. A gasasshiyar fata warkewa na iya kai wata biyu zuwa uku. A wanke da ruwan gishirin asibiti, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, kada filasta ta taɓa fatar da aka gasa domin cire ta na tafiya da fata. Ba ruwan zafi, ba toka, ba garin magani, ba soso. Busasshiyar fatar gefe wadda ba ta buɗe ba ana iya shafa mata mai marar turare. Suga kuwa sai an riƙe shi da kyau kafin a fara, domin shi ma ƙananan hanyoyin jinin nan yake ci, ya zama na uku a kansu. A duba ƙarancin jini, ta kuma sami ƙwai, wake, kifi da nama.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Ban ga ƙirjin Hajiya ba, ban taɓa fatar na ji taurinta ba, kuma wannan taɓawar tana cikin abin da ake yanke hukunci da shi. Jan haske yana aiki ne kawai a zurfin da bai kai santimita 1 ba, ƙurjin da ya fi haka kauri samansa zai mutu ƙasansa ya ci gaba. Maganin haske kuma ba ya bin cutar zuwa wani wuri. Dawowar kansa a fatar ƙirji tana buƙatar hoton huhu, hanta da ƙashi, da sake auna naman don a san ko yana jin maganin homon ko na HER2, wato wani furotin da ke yawa a kan ƙwayoyin wasu nau'o'in kansar nono, domin sau da yawa ana buƙatar magani mai zaga jiki ko da an share ƙurajen. In ƙurajen kaɗan ne a wuri ɗaya, tiyata ita ake fara dubawa. Akwai kuma sake gashi da ƙaramin ma'auni tare da ɗumama wurin zuwa digiri 41 zuwa 43, da wata hanya da ake haɗa maganin kimo mai suna bleomycin da bugun lantarki. Ku nemi likitan tiyata, na gashi da na kimo su duba ta tare kafin a tsayar da ɗaya.

In an yi maganin haske, ku koma asibiti a ranar ba sai gobe ba in ta yi zazzaɓi, ko ciwon ya soma wari ko mugunya, ko baƙin ya tsallake iyakar da aka zana, ko zugin ya ƙaru bayan ya fara sauƙi, ko fuska da leɓe suka kumbura. Kafin ku baro Indiya ku karɓi takardar da ke ɗauke da sunan maganin, ma'auninsa, ranar allurar, yawan hasken da hoton wuraren da aka haska, ku kuma tsayar da asibitin da zai ci gaba da wankin ciwon a gida.